Tabon Duhu a Gilashin Kamilu

"Wai kai Kamilu, ran da ka buɗe akwatin nan, ka yi sallama kuwa?"

Furera tana tsugune bayan zana tana tankaɗen garin tuwo ta ji surukarta, Inna Larai, ta jefa wa mijinta wannan tambaya. Ba da ita ake ba, don haka ba ta ɗaga kai ba, amma hannunta ya tsaya cak a kan rariya. Rana ta yi ja ta zame bayan dogayen karan dawa, kaji sun fara neman makwanci, hayaƙin murhu ya kwanta a tsakar gida ya ƙi tashi.

"Sallama kuma, Inna? Wa zan yi wa, ƙarfe da waya?" in ji Kamilu daga cikin shagonsa da ke jikin zaure, muryarsa a gajiye. "Fitila ce ta mutu a ciki. Shi ke nan fa."

"To," in ji Inna.

Sai ga ƙarar dutse a kan kwanon rufin shagon, ƙwal, babba guda. Aka numfasa. Sannan ƙanana uku suka biyo baya a jere, ɗaya bayan ɗaya, kamar masu bin sawun babba. Kwana na tara ke nan ana haka duk magariba. An leƙa bayan katanga, an zagaya cikin dawa, an hau kan soro an duba, ba a taɓa ganin ko sawun yaro ba. Mutanen gida cewa suke ana jifa. Furera ce kaɗai take ƙirgawa, kuma kullum lissafin bai canja ba: babba ɗaya, ƙanana uku.

Akwatin da ake magana a kai, Kamilu sikof yake ce masa. Na'ura ce ta masu gyaran kayan lantarki, girmanta bai wuce na rediyon da ba, da gilashi a gaba kamar ƙaramar talabijin, sai dai ba ta nuna mutane, layi ɗaya take nunawa. In aka ɗora bakin wayarta a jikin abin da ya lalace, layin nan sai ya dinga lanƙwasa yana nuna yadda wuta take tafiya a ciki, inda ta yi tuntuɓe da inda ta tsaya. Ogan da ya koya masa aiki a Kano ne ya bar masa ita bayan gilashinta ya daina haske, ya ce in ya iya ya tashe ta. Kamilu ya kawo ta gida ya tura cikin tsohon rumbun kakansa da aka daina zuba hatsi, ya rufe. Shekara shida ba wanda ya waiwaye ta, don gyaran rediyo da waya da fitilar caji ba sa neman ta.

Sai waɗannan shekarun suka zo, da fetur ya gagari talaka, kwanon masara ya zama abin da ake kallo daga nesa. Mutane suka daina kawo gyara. Wanda rediyonsa ya mutu sai ya rataye shi a ƙusa ya je ya saurari na maƙwabci. Abokan Kamilu ɗaya bayan ɗaya suka gangara Kudu aikin acaɓa, shi ma ya ce ana gama girbi zai bi su, har ya sauko da jakarsa daga saman sif ya kakkaɓe. Furera ta ga jakar, ta shiga ɗaki ta zauna bakin gado ta daɗe. Wata uku ke nan da ta san ba ita kaɗai ba ce a jikinta, kuma cikin fari ne, kunya ba ta bar ta ta gaya wa kowa ba, har shi ɗin.

Ana cikin haka rijiyar burtsatsen unguwa, mai aiki da hasken rana, ta tsaya. Mata suka koma ɗibar ruwan kududdufi suna tacewa da mayafi. Mai unguwa ya sa aka kawo wa Kamilu inbatar, wato akwatin da ke juya wutar sola ta tuƙa famfo, ya ce in ya tashe ta, akwai irinta biyar a mace a ƙauyukan da ke tsakaninsu da Zakirai, kuma shi zai yi masa hanya. Aikin da zai riƙe mutum a gida ke nan har wata damina. Kamilu ya kwana biyu yana aunawa da mita, ya jefar da ita kan tebur ya ce mita yawan wuta kawai take faɗa, ba ta nuna tafiyarta. Sai da sikof.

Furera ta ga lokacin da ya ciro shi. Ana kiran sallar magariba a masallacin bakin hanya, shi kuwa yana sauri kada duhu ya rufa. Ya zura hannu cikin rumbu ya jawo, ya kwance kusoshi huɗu a nan tsakar gida, ya ɗaga murfin, ya cika baki da iska ya hure ƙurar ciki. Bai yi sallama ba. Ko bismilla ba ta ji ya yi ba. Ta so ta ce masa ya bari sai da safe, amma Baffa Badaru, ƙanen mahaifinsa kuma babban gidan, yana tsugune a wajen yana alwala, nauyin baki ya hana ta. Washegari aka fara jifa.

Da ya haɗa na'urar da batir, maɓallanta suka yi haske, wani abu ya yi ƙara a ciki, amma gilashin ya zauna baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Kamilu ya ɗauka ta mutu gaba ɗaya. Furera ce ta fara ganin ba haka ba ne. Ta kai masa fura bayan la'asar, rana ta shigo a karkace ta ƙofar shago ta kwanta a kan gilashin, sai ta hangi wani siririn layi can ciki, kamar gashi a ƙasan ruwa.

"Malam," ta ce a hankali, don ba ta kiran sunansa, "duba ta nan gefen."

Ya duƙa, ya ɗauko tocila ya haska a karkace. Ya miƙe yana dariya, dariyar da ta kwana biyu ba ta ji ba.

"Da ranta! Gilashin lafiya lau, fitilar bayansa ce kawai. Wannan ai aikin yini ɗaya ne, Furera."

Bai zama aikin yini ɗaya ba. Ya fara gwada aiki a haka, tocila a hannu ɗaya, waya a ɗaya, ido a manne da gilashi har hawaye na zuba, amma layin ya yi dishi-dishi, ya karanta ba daidai ba, ya ƙona wani ɗan abu mai lafiya a cikin inbatar mutane. Ta riƙe masa tocilar sau biyu, to amma shago ƙofarsa ɗaya hanya take kallo, maza na leƙowa tambayar ruwa, ba wurin tsayuwar matar aure ba ne. Dole dai a sa fitila.

Ya kwance gilashin ya ciro tsohuwar. Siririyar kwalba ce kamar tsinken tsintsiya, bakinta biyu sun yi baƙi. Ya sayar da zabi biyu ya hau mota ta Gezawa ya shiga Kano, ya dawo da irinta guda biyu da aka ciro daga matattun kwamfutoci, a naɗe cikin auduga kamar ƙwai. Ta farko, yana zura ta cikin kwarminta ta ce ƙas, ta rabu biyu. Ya rantse da Allah bai danna ba. Ya zauna yana kallon gutsattsarin a tafin hannunsa, ya ƙi cin tuwo.

Ta biyun ta shiga lafiya. Ya ɗana mata dalma, ya mayar da fararen ledojin da ke baza haske a bayan gilashi, ya kunna. Ta kama. Wani haske ja-ja, kamar zoɓon da aka cika wa ruwa, ya bazu a gilashin. Bai kai tsawon karanta Fatiha ba sai ihu ya tashi a tsakar gida.

Huseina ce, ƙanwar Kamilu, yarinya 'yar shekara sha huɗu, mai surutun da ba ya ƙarewa, wadda ke yi wa Furera kitso tana ba ta labarin kowa a unguwa. Ƙwaryar gero na kanta ta saki, ta faɗi, ta danne idanunta da tafukan hannu biyu tana birgima cikin geron.

"Ku kashe! Ku kashe, kuna ƙona musu ido!"

Ba muryarta ba ce. Murya ce ta tsohuwa, a bushe, kamar ana jan kara a kan tabarma. A cikin shago fitilar ta yi fari fat sau ɗaya ta mutu.

Daga ranar Huseina ba ta koma daidai ba. Haske ya zama abokin gabarta. Da rana sai ta lulluɓe kai da zane uku ta shige ƙarƙashin gadon Inna, in magariba ta yi ta rarrafo ta zauna gindin tsohon rumbu tana jijjiga baya kamar mai goyo, tana wata waƙar rarrashi da ba wanda ya san yarenta. Ba ta cin abinci sai an juya mata baya. Inna Larai ta rame a kwana huɗu. Kamilu kuwa ya kafe a kan cewa zazzaɓi ne ya hau wa yarinya kai, ya koma kan ɗan allon da ke ɗaga wa fitila wuta, ya ce shi ne ya kashe ta. Ya canja masa abu biyu da suka kumbura, ya taɓa shi yana kunne, wuta ta fizge shi har gwiwar hannu, sannan allon ya yi hayaƙi mai warin ƙonannen gashi. Furera ta ji ya buga tebur da hannu, ta ji kusoshi sun watse a ƙasa. Da ta shiga shara ta tsince su ɗaya-ɗaya ta zuba masa a murfin gwangwani.

Daren tambayar Inna, bayan duwatsun sun gama sauka, Baffa Badaru ya shigo ya tsaya a bakin shago.

"Ɗauki abin nan ka kai kududdufi ka jefa."

"Baffa, in na jefa shi, zamana a garin nan na jefa."

"Zamanka ya fi ran ƙanwarka?"

"Me ya haɗa ƙanwata da fitila, don Allah? Kwalba ce ta tsufa! Duk wanda ya san aikin nan ya san suna mutuwa!"

"Ni ban san aikin ba, amma na san gidan nan kafin ka ciro shi, na kuma san shi yanzu. Na ba ka zuwa Juma'a. In an sauko daga masallaci yarinyar nan tana ƙarƙashin gado, da hannuna zan kai shi."

Furera tana jin su ta bayan zana. Ta dubi ƙofar ɗakinsu, inda jakar nan take jingine tun ran da aka sauko da ita. Juma'a saura kwana biyu.

Inna ce ta aika aka ɗauko Malam Muntaka, wani tsohon malami daga wajen Gezawa da aka sani da karatu a kan masu irin wannan lalura. Ranar Alhamis bayan la'asar ya iso a bayan babur, ɗan ƙaramin mutum mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Bai nemi ganin yarinya ba tukuna, ya ce a nuna masa akwatin. Ya sa Kamilu ya yi masa bayani tun daga farko, yana gyaɗa kai.

"Wato ɗaki ne mai duhu, a rufe, ba iska ba ruwa, shekara shida."

"Ƙarfe ne, Malam."

"Rumbun ma ai ƙasa ce, ɗana. Ɗauko shi mu fita."

Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka ajiye sikof a gefe ɗaya. Inna da Furera suka fito da Huseina suka zaunar da ita, kowacce ta riƙe hannu ɗaya. Hannun yarinyar sanyi ƙalau kamar randa. Rana ta kusa faɗuwa, inuwar rumbu ta miƙe ta ratsa tabarmar, ko kaza ba ta motsi. Malam ya zuba habbatus sauda a garwashi, ya fara karatu ƙasa-ƙasa, Ayatul Kursiyyu, ya maimaita, ya maimaita, ya shiga Falaƙi da Nasi, muryarsa ba ta hawa ba ta sauka. An daɗe ba abin da ya faru. Sannan Furera ta ji hannun da take riƙe da shi ya yi nauyi, ya yi tauri, kamar an sauya shi da na wani.

"Ya isa, mai tabarau. Ka cika mini kunne."

"Assalamu alaikum," in ji Malam. "Musulma ce ke?"

"Na riga kakanka fuskantar gabas."

"To alhamdu lillahi, magana za ta yi sauƙi. Wa nake magana da ita?"

"A rumbun can Inna ake ce mini, tun ba a haifi wannan da ke matse mini hannu ba."

Inna Larai ta saki salati, amma ba ta saki hannun ba.

"Me gidan nan suka yi miki?"

Kan Huseina ya juya a hankali ƙarƙashin mayafi, ya tsaya saitin Kamilu.

"Tambayi wancan. Da kakansu lafiya muka zauna. In zai buɗe rumbu sai ya ƙwanƙwasa, ya yi sallama, ya jira mu gyara. Da ya mutu rufi ya fara yoyo, muna ta haƙuri. Sai wannan ya kawo mini ɗaki mai kyau, ba yoyo, ba ɓera, na ce yaron kirki ne. Uku na haifa a ciki. Ran nan ana kiran salla ya yaye mana rufi, ya hure mu da baki kamar ƙaiƙayi. Bai tsaya nan ba, kullum sai ya cusa mana wuta a ido."

"Kayana ne fa!" Kamilu ya fashe. "Kayan aikina! Unguwa guda na shan ruwan kwaɗi saboda..."

Malam ya ɗaga masa hannu ya tsayar da shi.

"Ya yi kuskure," in ji Malam, "ya shiga bai yi sallama ba. Ke kuma kin yi zalunci. Yarinyar nan me ta yi miki?"

"Bakinta na samu a buɗe. Kullum a buɗe yake."

"To za ki fita daga jikinta, ki fita daga akwatin."

"Daga ita zan fita. Akwati kuwa a mayar mini rumbu, a bar shi da duhunsa."

"Ba za a yi ba. Mutane na neman ruwa."

"To a yanka mini baƙin bunsuru."

Fuskar Malam ta canja. Ya cire tabarau ya ajiye a kan gwiwa.

"Ba a yanka wa kowa sai Allah. Ke da kika ce kin riga kakana salla? Sake faɗa ki ji."

Ya ɗaga murya ya koma karatu, wannan karon da ƙarfi, yana tofawa a ruwan ganyen magarya yana yayyafa mata. Jikin Huseina ya banƙare, ihun da ya fito ya sa jakin maƙwabta ya amsa. Furera ta ji kamar za a tsinke mata yatsu, ta cije leɓe ta riƙe.

"Na bari! Na bari, mai tabarau! To ina zan kai su? Damina ba ta wuce ba. A ba ni ɗaki. Mai duhu, mai murfi, wanda bai taɓa hawa murhu ba."

Malam ya dubi Inna Larai. Inna ta shiga lissafa tukwanenta a zuci, duk sun sha hayaƙi. Baffa ya ce a bari sai ranar kasuwar Zakirai a sayo sabuwa, Malam ya girgiza kai ya ce irin wannan magana ba a kwana da ita a buɗe. Duhu na ƙara sauka.

"Ina da ita."

Sai da kowa ya waiwaya, don ba a saba jin muryar Furera a gaban Baffa ba. Ta sunkuyar da kai, ta miƙa wa Inna ɗaya hannun Huseina, ta shiga ɗaki. A ƙarƙashin gadonta akwai sabuwar tukunyar ƙasa da murfinta, wadda kakarta ta ba ta ranar da aka kawo ta gidan, ta raɗa mata cewa ta ajiye, ta dafa ruwan wankan haihuwar fari ce. Ta jawo ta, ta share ƙurar da gefen zane, ta kawo ta ajiye kusa da sikof.

Mayafin Huseina ya zame. Idanun da suka dubi Furera ba su tsaya a fuskarta ba, suka sauka ƙasa kaɗan, suka daɗe a nan.

"Ke kin sani," muryar ta ce, a karo na farko ba faɗa a cikinta. "Abin da bai yi ƙwari ba, ba a fito da shi haske."

Sauran suka ɗauka sambatu ne. Furera ta gyara zane a kan cikinta.

Malam ya ce saura abu ɗaya, Kamilu ya yi abin da bai yi ba tun farko. Kamilu ya dubi Malam, ya dubi Baffa, ya dubi ƙanwarsa. Ya durƙusa gaban na'urarsa kamar mai gaida surukai, ya ƙwanƙwasa murfin da yatsa sau uku, ya yi sallama da haƙoransa a cije, ya ce a yafe masa.

"Ko kai fa," in ji muryar.

"Ki ba mu alama in kun shiga," Malam ya ce. "Ke mai tukunya, riƙe murfin, in na ce rufe ki rufe."

Furera ta tsuguna ta riƙe murfin a karkace. Aka fara kiran salla a masallacin bakin hanya. Sai ƙwal, babban dutse ya faɗa cikin tukunyar da ba kowa a kanta. Huseina ta yi atishawa sau uku ta sulale jikin uwarta tana cewa, da muryarta ta gaskiya, "Inna, yunwa nake ji." Gida ya kaure. Baffa na kabbara, Inna na kuka, Kamilu ya rufe fuska da hula. Cikin wannan hayaniya Furera ce kaɗai kunnenta ke bakin tukunya. Ta ji ƙarami ya faɗa. Ta ji na biyu. Ta jira.

"Rufe, 'yata, rufe!"

Ta ƙara jira kaɗan, har Malam ya sake faɗa. Ta rufe. Malam da Baffa suka ɗauki tukunyar suka kai gindin tsamiyar da ke ƙarshen gona, suka dawo suka yi salla.

Da safe Kamilu ya ce shi da siririyar kwalba har abada. Ya sauko da matattun fitilun caji da masu su suka manta a shagon, ya ɓalle ƙananan ƙwayayensu masu farin haske, ya jera shida a kan siririn kwali, ya ɗana musu dalma, ya sa musu ɗan abin da ke rage ƙarfin wuta, ya cire ƙonannen allon nan gaba ɗaya ya jawo musu wuta kai tsaye. Kafin ya zura su ya dubi ƙofa ko akwai mai ganinsa, ya yi bismilla, ya ƙara da sallama ƙasa-ƙasa. Ya kunna. Gilashin ya yi fari tas, layin ya fito a miƙe, sarai, kamar an ja shi da alƙalami.

Bai kai shan kofin kunu ba ya gano ciwon inbatar. Layin da ya kamata ya dinga hawa da sauka daidai sai ya ga yana ɗingishi ta gefe ɗaya, ya bi shi har kan wani ɗan abu kamar ƙwayar wake, ya canja. Ana saukowa daga Juma'a ruwa ya zubo a burtsatse, guɗar mata ta iso har cikin gida. Baffa Badaru ya leƙo shago ya kalli layin yana rawa, ya ce, "Hm," ya wuce. Da yamma Kamilu ya mayar da jaka saman sif. Ranar ba a yi jifa ba.

Sai dai akwai tabo. A kusurwar gilashin ta ƙasa, hannun hagu, wani ɗan duhu ya zauna, girmansa kamar kan babban yatsa, hasken ya kewaye shi ya ƙi shiga.

"Wannan abu na ba ni haushi," in ji Kamilu kwana biyu bayan nan, Furera tana ajiye masa abinci. "Ledar nan ce ta lanƙwashe. Gobe zan buɗe in ƙara ƙwaya ɗaya a wajen."

Ta gyara murfin kwano, ta sake gyarawa.

"Yana hana ka ganin layin, Malam?"

"Bai hana ba. Amma aiki in za a yi, a yi shi."

"Da ƙyar ta kama. Ni dai da ka bar ta haka, kada a taɓa kuma ta sake mutuwa, ga na Zakirai suna jira."

Ya dube ta da mamaki, ya yi dariya.

"Yau kuma ke ce oga? To, ranki ya daɗe, an bari."

Da magariba ya tafi masallaci ya manta bai kashe na'urar ba. Furera ta shiga da tsintsiya. Shagon ya yi duhu, gilashin ne kaɗai ke haske, layin a kwance shiru. Ta durƙusa ta kawo fuska kusa da kusurwar. Ta daɗe tana kallo kafin ta tabbata ba idonta ba ne. Tabon yana motsi. Ya ɗan kumbura, ya ɗan lafa, a hankali, a hankali, kamar maɗigar jariri mai barci. A saman kwanon rufi ta ji dutse guda, babba, amma ba jifa ba ne wannan karon, ajiye shi aka yi, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin da ake jego.

Ta tsaya da tsintsiya a hannu tana tunani. In ta gaya wa Inna, kafin gari ya waye Baffa ya ji, sikof ya kwana a kududdufi, jaka ta sake saukowa daga saman sif. In ta gaya wa mijinta, zai ce leda ce, ya buɗe ya cusa haske a wajen don ya nuna mata, Huseina ta koma ƙarƙashin gado. In Malam Muntaka aka kira, da karatu zai fito da shi, ko ya yi ƙwari ko bai yi ba. Ta ɗora hannu a mararta, inda nata yake kwance a nasa duhun.

Ta laluba maɓallin da ta ga yana dannawa ta kashe. Ta kwance tsohon ɗankwalin da ke wuyanta ta lulluɓe gilashin, ta soke gefensa ta kusurwar hagu don kada hasken safiya ya shiga. Sannan ta yi sallama, can ƙasan maƙoshi, ta ce a kwana lafiya.

"Furera!" Inna ta kira daga bakin murhu. "Da wa kike magana a nan?"

"Ba kowa, Inna. Shara nake."

Ta jawo ƙofar shago a hankali don kada ta yi ƙara. Tana ratsa tsakar gida ta yanke a ranta cewa ƙidayar nan ta duwatsu ita kaɗai ta yi ta, kuma a cikinta za ta zauna. Ran da tabon ya tashi da kansa, Kamilu zai ce leda ce ta miƙe, ita kuwa za ta ce masa haka ne.